Maganin Wanke Inji: Shin Wajibi Ne A Kowane Juye?

A 'yan shekarun nan, duk wanda ya kai mota juye, a birni ne ko a tashar ƙauye ranar kasuwa, da wuya ya tashi ba a nuna masa wata 'yar kwalba ba. Mai shagon baƙin mai ko yaron makaniki zai ce masa, "Maigida, a sa maganin wanke inji mana, ya wanke cikinsa tas kafin a zuba sabon mai." A jikin kwalbar akan rubuta Engine Flush da Turanci, makanikai kuwa fulashin suke ce masa. Wasu direbobi sun mai da shi ƙa'ida, ba sa yin juye sai da shi. Waɗanda ba su da kuɗin kwalbar kuma sai su maye gurbinta da kananzir ko man gas, wato dizal. Abin har ya kai ga masu babur da masu injin ban-ruwa a fadama.

Inji dukiya ce. Mutum yakan sayar da sa ko amfanin gonar shekara guda kafin ya mallake shi. Idan kuwa ya buga a tsakiyar noman rani, bayan kuɗin gyara akwai asarar tumatir da albasar da ke jiran ruwa. Saboda haka ya kamata mai inji ya san abin da ake zuba masa a ciki. Darasin wannan wata zai nuna cewa injin da ake yi wa juye a kan lokaci da mai nagari ba ya bukatar wannan magani. Injin da dauɗa ta riga ta cika shi kuwa, maganin yana iya zama ajalinsa. A tsakanin waɗannan biyu ne kurum yake da ɗan amfani.

Baƙin Mai Yana Da Nasa Sabulun

A cikin kowane inji akwai ƙarafa da ke juyawa a kan junansu sau dubbai a minti ɗaya. Mafi muhimmanci shi ne babban ƙarfen nan da fistan ke juyawa, wanda ke kwance a kan wasu siraran ɓawon ƙarfe da makanikai ke kira metal. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin silin gashi ba. A wannan 'yar tazara baƙin mai yake shiga ya raba su, don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. A mota da tarakta, famfo ne yake zuƙo man daga kwanon da ke ƙarƙashin inji. A bakin bututun famfon akwai rariya ta waya. Man yana bi ta rariyar, ya wuce ta filta, sa'an nan ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi zuwa ko'ina. Mai karatu ya riƙe maganar rariyar nan, domin za a dawo kanta.

Ban da santsi, baƙin mai yana rage zafi, yana kuma yin wanki. Man da ke cikin galan ɗin kamfani ba zallar mai ba ne. Kimanin kashi 15 zuwa 25 cikin 100 nasa sinadarai ne da aka haɗa masa, wato a galan mai lita 5 kusan lita guda. Daga cikinsu akwai mai hana dauɗa mannewa a jikin ƙarfe mai zafi, yana kuma kashe tsamin da ƙonewar fetur ke haifarwa. Akwai kuma mai kama ƙwayoyin kunkunniya ɗaya bayan ɗaya ya riƙe su suna yawo cikin man, ya hana su haɗuwa su kwanta. Kamar dai yadda ruwan sabulu ke riƙe dattin tufafi ne har lokacin da za a zubar da shi. Ranar juye, dattin ya fita tare da tsohon mai.

Wannan ya sa man da ya yi baƙi bayan 'yan kwanaki, musamman a injin gas, ba lalacewa ya yi ba, aikinsa yake yi. Abin tsoro shi ne man da ya yi wata da watanni a tsohon inji yana nan fes kamar man gyaɗa. Irin wannan ya bar dattin a ciki ke nan.

A da can, kafin shekarun 1940 da 1950, baƙin mai ba shi da waɗannan sinadarai. Datti kwanciya yake yi a ƙasan inji, dole makaniki ya ɗauraye shi da wani mai marar kauri a lokacin juye. Daga nan al'adar wanke inji ta samo asali. Man ya canza tun tuni, al'adar ce ba ta canza ba.

Akwai hanyar gane man da ke da sinadaran. A bayan galan akan rubuta haruffa uku, API, wato sunan wata cibiyar harkar mai ta Amurka da ke tsara darajar baƙin mai. Bayansu sai wasu haruffa biyu. Na injin fetur suna farawa da S, na injin gas da C. Harafi na biyu kuwa, gwargwadon nisansa a jerin abacada gwargwadon sabuntar man. SL ya fito a 2001, SN a 2010, SP a 2020. Na gas akwai CH-4 na 1998 da CI-4 na 2002 da CK-4 na 2016. Wanda aka rubuta wa SA zallar mai ne, cibiyar da kanta ta ce bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba. Ko ɗan ajin yaƙi da jahilci da bai daɗe da fara karatu ba zai iya duba haruffan nan kafin ya biya kuɗi.

Daga Ina Lakar Inji Take Zuwa?

Duk lita ɗaya ta fetur da inji ya ƙona tana haifar da ruwa kusan lita ɗaya. Yawancinsa yana fita ta salansa a matsayin tururi, amma kaɗan yana zurarewa ta gefen fistan ya shiga cikin mai, tare da kunkunniya da fetur ɗin da bai ƙone ba. Ga kuma ƙurar hanya da ta hunturu. Sinadaran da ke cikin mai suna iya riƙe wannan duka, amma suna da iyaka. Idan suka ƙare ba a yi juye ba, dattin sai ya fara haɗuwa ya zama baƙar laka mai danƙo. Inda zafi ya yi yawa, kamar jikin fistan da ringi, sai ya ƙone ya manne kamar ƙanzo a gindin tukunya.

Babban dalili dai shi ne jinkirin juye. Akwai direban da ba ya juye, sai ciko. Duk lokacin da ya ga mai ya sauka a geji sai ya ƙara rabin kwalba, yana ganin ai kullum sabon mai yana shiga. Sabon yana shiga, amma tsohon datti ba shi da ƙofar fita.

Na biyu shi ne man da ake aunawa daga buɗaɗɗen duro ko a ɗura a tsofaffin kwalabe a bakin hanya. Wani zallar mai ne marar sinadari, wani ma tsohon mai ne da aka tace. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, ta sha yin gargaɗi a kan jabun baƙin mai tana kuma kama shi. Araha dai ba ta ado.

Akwai na uku da ba kowa ya sani ba. A bakin hanyar ruwan da ke fita daga inji zuwa lagireto akwai wani ɗan ƙarfe mai buɗewa da rufewa da kansa, ana ce masa tamostat. Aikinsa shi ne ya sa inji ya ɗau zafi da wuri ya tsaya a daidai. Makanikai da yawa sukan cire shi da zarar an sayo mota, wai na ƙasashen sanyi ne. Idan aka cire shi, inji yakan daɗe bai kai zafin da zai kori ruwan da ya shiga mai ba, musamman da asubahin hunturu ko a gajeriyar tafiya. Ruwa da mai da kunkunniya kuwa su ne kayan haɗin laka. Zafin da ya wuce kima shi ma haka, domin yana dafa mai ya sa shi kauri.

Wani lokaci kuma wasu injinan sun fi wasu saurin tara laka. A Amurka, masu motocin Toyota da Lexus ƙirar 1997 zuwa 2002, irin su Camry da Sienna da Avalon, sun yi ta kukan laka a injinansu. A 2002 kamfanin ya amince zai ɗauki nauyin gyaran irin wannan ɓarna har tsawon shekara 8 daga ranar da aka fara sayen motar, kuma a 2007 aka sasanta wata shari'a da ta shafi motoci kimanin miliyan 3 da rabi. Dalilin kawo wannan labari shi ne, da yawa daga irin waɗannan motoci su ne daga baya suka shigo ƙasar nan a matsayin na hannu, waɗanda jama'a ke kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, ana haya da su a tashoshi. Wanda ya sayi irinsu bai san yadda mai su na farko ya riƙe su ba.

Abin Da Maganin Ke Yi A Cikin Inji

Abin da ke cikin kwalbar, yawanci mai ne marar kauri da aka haɗa da sinadaran wanki masu ƙarfi. Wasu kuma mai narkarwa ne dangin kananzir. Kwalbar takan ɗauki mililita 300 zuwa 500, an kuma auna ta ne don injin mota mai cin lita 4 zuwa 6 na baƙin mai. Idan aka zuba, yana tsinka tsohon mai, yana sassauta laka mai taushi. Ƙanzon da ya shekara yana ƙonewa kuwa ba a minti goma ake narkar da shi ba, ko me aka rubuta a jikin kwalba.

To, a ɗauki injin da yake da tsabta. Babu lakar da za a sassauta, kuɗi kawai aka kashe. Makaniki yakan nuna wa mai mota man da ke zuba ya ce, "Ka ga dattin da ya fito?" Amma ai tsohon mai ko ba a sa masa komai ba baƙi ne. Gudun da yake yi kamar ruwa kuwa, tsinka shi da aka yi ne. Wannan ba shaida ba ce.

A ɗauki kuma injin da laka ta yi wa katutu, irin wanda ya shekara biyu sai ciko. Maganin ba zai narkar da lakar duka ba. Ɓamɓaro ta zai yi gutsure-gutsure, su gangara cikin kwanon ƙasa. Wasu za su fita ta ramin juye, amma ramin ƙarami ne, manyan za su tsaya. Da an tayar da inji, famfo zai zuƙo su su manne a rariyar nan da aka ambata. Duk manomin rani ya san abin da ke faruwa idan ciyawa da ganye suka toshe rariyar bakin tiyo a rafi: inji yana ta ƙara amma ruwa ba ya fitowa. Haka famfon mai yake yi. Bambancin kawai, a nan metal ne zai bushe, kuma cikin 'yan mintoci inji ya buga. Abin takaici, ba lallai ne ya faru a gaban makaniki ba. Yakan bari sai an yi lodi an kama hanya, bayan kwana biyu ko mako guda, yadda mai mota ba zai ma danganta abin da kwalbar ba. Garin neman ƙiba an samo rama.

Motocin zamani sun fi shiga haɗari, domin suna da hanyoyin mai masu ƙanƙanta ƙwarai da wasu ƙananan rariyoyi a saman inji, balle masu tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska. Ɗan gutsuren da tsohuwar Fijo za ta haɗiye ba ta ji ba yana iya toshe su.

Sai maganar yoyo. A tsohon inji, robobin da ke tare mai a bakin ƙarafa masu juyawa sukan bushe su tsattsage, laka ce ke like tsagar. Idan aka wanke lakar sai yoyo ya bayyana. Gaskiya ne robar ta riga ta mutu tun kafin a sa magani, amma aljihun mai mota ne zai biya sauke giya don a canza ta, a lokacin da bai shirya ba.

Saboda irin waɗannan dalilai, manyan kamfanonin ƙera motoci ba su sa wanke inji a cikin jadawalin sabis ba. Kamfanin General Motors na Amurka ya aika wa garejinsa takarda tun 2004 cewa bai amince da wanke cikin injin fetur da irin waɗannan magunguna ba. Kamfanin Honda shi ma ya gargaɗi makanikansa a kan haka. Duk mai littafin motarsa ya buɗe shafin sabis ya duba, zai ga juye da canjin filta, ba zai ga fulashin ba.

Kananzir da man gas sun fi kwalbar muni. Wasu sukan juye mai gaba ɗaya, su cika inji da kananzir, su tayar da shi har su taka totur. Kananzir ba shi da kaurin da zai raba ƙarfe da ƙarfe, saboda haka duk daƙiƙar da injin ya yi yana aiki, metal da ringi suna cin junansu. Sa'an nan ba duka yake fita ba. A motoci da yawa, rabin lita ko fiye na abin da ke cikin inji yakan saura a lunguna bayan juye. Wannan ragowa ita za ta gauraya da sabon man da aka saya da tsada ta tsinka shi tun ranar farko.

Babur Da Injin Ban-Ruwa

Yawancin babura da ake hawa a karkara, irin su Boxer, da kuma a-daidaita-sahu, kulocinsu a cikin baƙin mai yake wanka. Mai ɗaya ne ke hidimar inji da giya da kuloci. Faifan kuloci yana shan duk abin da aka zuba. Idan ya sha maganin da bai dace da shi ba sai ya fara zamewa: inji yana kuka, babur ba ya ja, musamman da kaya a kan hawa. Shi ya sa a jikin kwalabe da yawa na mota an rubuta kada a sa su a babur. Man babur ma daban yake da na mota. Alamarsa ita ce JASO MA a jikin kwalba, ma'aunin da Japan ta fitar a 1998 don irin wannan kuloci. Babur bai fi cin lita guda ba. Kuɗin maganin wanki gara a ƙara a yi juye da wuri.

Injin ban-ruwa kuwa, wanda ya yaɗu a fadamomi musamman tun shirin Fadama na farko da aka soma a 1993 da rancen Bankin Duniya, lissafinsa a fili yake. Ƙaramin inji samfurin Honda GX160 da ire-irensa na ƙasar Sin man da suke ci bai wuce mililita 600 ba. Idan aka juye masa kwalbar mililita 300, kashi ɗaya cikin uku na abin da ke cikinsa ya zama maganin wanki ke nan, ga shi kuma an cika shi fiye da ƙima. Irin wannan inji ba shi da famfon mai, ba shi da filta. Wani ɗan cokali ne a jikin sandar fistan yake fantsama man. Duk abin da aka ɓamɓaro yawo zai yi ta yi a ciki. Abin da kamfanin ya tsara shi ne juyen farko bayan awa 20 na aiki, daga nan kuma duk awa 100 ko wata 6, wanda ya riga zuwa. Manomin da ke ban-ruwa awa 5 kullum, kwana 20 ya cika awa 100 ke nan. Da yawa kuwa sukan fara rani su gama da mai ɗaya. Yana da kyau a riƙa rubuta awannin a ɗan littafi, ko a yi zane da gawayi a bango.

Ƙaramin janareta da ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya ba shi da kwanon mai sam, babu abin da za a wanke. Tsofaffin injinan niƙa samfurin Lista kuma suna da ƙofa a gefen cikinsu. Idan laka ta taru, a kashe inji, a juye mai, a buɗe ƙofar a kwashe da hannu, a goge da ƙyalle mai ɗan kananzir, a bari ya bushe. Wanke ƙarfe da kananzir alhali inji yana kashe daban ne da tayar da inji a kan kananzir.

Inda Yake Da Amfani, Da Yadda Ake Sa Shi

Kafin a yanke shawara sai an duba. A buɗe murfin da ake zuba mai a haska tocila. Idan ƙarfen ciki yana sheƙi ko ya yi ruwan zuma, inji lafiya lau yake, a mai da murfi a yi juye kawai. Idan an ga baƙar laka ta dasƙare har ana iya kankaro ta da sukuddireba, kwalba ba za ta yi ba. Aikin hannu ne: makaniki ya cire murfin saman inji da kwanon ƙasa, ya kwashe lakar, ya ciro rariya ya wanke ta, ya mayar da sabon gasket. Aikin yini guda ne, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sabon inji ba.

Idan mai ya koma kalar shayi da madara, ruwa ne ke shiga, galibi daga gasket ɗin kan inji. Idan salansa na fitar da shuɗin hayaƙi saboda ringi sun cinye, sai an canza su. Babu maganin wankin da ke mayar da ƙarfen da ya cinye.

Abin da ya rage shi ne injin da ke tsaka-tsaki: motar hannu da aka saya ba a san tarihinta ba, an ga 'yar laka mai taushi sama-sama, ko inji yana 'yar ƙara ƙas-ƙas a sama da safe saboda danƙo, ko ringi sun maƙale ba cinyewa suka yi ba. A nan maganin kamfanin da aka sani yana iya taimakawa, sau ɗaya.

Ko a nan ma akwai hanyar da ta fi sauƙin haɗari, ita ce gajeren juye. A zuba mai nagari da sabuwar filta, a yi tafiyar kilomita 1,000 zuwa 1,500, a juye, a sake haka sau biyu ko uku. Sabulun da ke cikin sabon mai zai ci lakar a hankali ya riƙe ta, maimakon ya ɓamɓaro ta lokaci guda. Ya fi tsada kaɗan, ya fi ɗaukar lokaci, amma rariya ba ta toshewa.

Wanda duk da haka ya zaɓi kwalba, to ya tabbata ya sayi sabon mai da sabuwar filta suna ajiye tukuna. A tayar da inji ya yi zafi, a kashe. A duba geji a tabbata tsohon mai bai yi ƙasa ba, domin a cikinsa ake zuba maganin, ba a cikin busasshen inji ba. A zuba gwargwadon abin da aka rubuta. A tayar da inji a bar shi yana aiki a hankali minti 10 zuwa 15, ko yadda kwalbar ta ce. Ba a taka totur, ba a tafiya da motar ko da zuwa bakin titi ne. Mutum ɗaya ya zauna yana kallon jar fitilar mai a gaban direba, idan ta kama a kashe nan take. Daga nan a kwance noti a juye da zafinsa, a ba shi lokaci ya tsane sosai. Filta dole a canza ta. Wanke tsohuwar filta da fetur a mayar, kamar yadda wasu ke yi, aikin banza ne, domin takarda ce a cikinta kuma ta riga ta cika. Bayan an zuba sabon mai, juye na gaba a yi shi da wuri, kuma a kwanakin farko direba ya sa ido a kan fitilar mai da ƙasan mota. Idan fitilar ta kama a hanya, ko tana ƙiftawa, a tsaya a kashe inji a wurin. Ƙoƙarin ƙarasawa gari shi ne ke cinye inji.

Bayan wannan sai a koma ƙa'ida. Ga mai bin hanyar ƙura, mai ɗaukar kaya masu nauyi, ko mai yawan tsaye-tsaye, kamfanoni da yawa sun sa juye a kilomita 5,000 ko wata 6. Kusan duk motar karkara a wannan aji take. A riƙa kakkaɓe filtar iska ana canza ta, domin ta nan ƙura ke shiga.

Kada A Rikita Kwalabe

A kantar mai shago akan jera kwalabe iri uku masu kama da juna, kuma ana samun masu rikita su. Ban da na wanke inji, akwai na wanke hanyar fetur, wanda a tankin fetur ake zuba shi. Mai son amfani da shi ya fi kyau ya sa a tankin da zai ƙone kafin ranar juye, domin ɗan abin da ya zurara cikin baƙin mai ya fita tare da tsohon. Na uku shi ne mai kaurin nan kamar zuma da ake kira tiritmen. Shi ba ya wanki, kauri yake ƙara wa mai. Yakan rage ƙara da hayaƙin tsohon inji na ɗan lokaci, amma a injin da ke da laka ƙara wa famfo wahala yake yi. Wanda bai iya karanta Turancin jikin kwalba ba ya nemi wanda zai karanta masa kafin a buɗe, kada ya dogara da bakin mai sayarwa kaɗai.

Tsohon man da aka juye, balle wanda ya gauraya da maganin wanki, guba ne. A tara shi a jarka mai murfi a kai wa masu saye ko garejin da ke tarawa. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko rafi ko a fadama, domin lita ɗaya tana iya ɓata ruwa lita miliyan guda. Kada a shafa wa dabba a ciwo ko ƙazuwa, kada a sa shi a jarkar da za a sake ɗiban ruwa ko man girki da ita. Makaniki da yaransa su riƙa wanke hannu da sabulu bayan juye, ba da fetur ba, saboda yawan zaman tsohon mai a jiki yana jawo cutar fata, har da mai tsanani. Kwalbar maganin da ta ƙare a huda ta kafin a yar, don kada yara su ɗauka su sha ruwa da ita, ko wani ya ɗura mata kananzir ya mayar kanta.